Kwana Ukun da Ba Mu Yi Masa Wanka Ba

Ɗanmu na fari yana da shekara talatin da huɗu yanzu, kuma har yau ni nake yanke masa farce. Sunan mahaifina na sa masa, don haka Babana nake kiransa. Mahaifiyarsa kuwa ba ta taɓa furta sunansa ba saboda alkunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wannan" ko "mutumin". Amma alkunyar a baki ta tsaya. Duk abin da ake cewa uwa ba ta yi wa ɗan fari a gaban jama'a ta yi masa, don in ba ita ba babu mai yi.

A Ringim aka haife shi, lokacin ina aikin malamin dabbobi a can. Naƙuda ta yi tsawo, ya fito bai yi kuka ba sai da aka jima. Bai taka ba sai da ya shekara uku, bai haɗa magana ba sai da ya kai shida. Mun kai shi makarantar allo wajen wani malami mai haƙuri, ya yi shekaru yana zuwa, abin da ya tashi da shi Fatiha ce da gajerun surori biyu, su ma sai an ja masa baki. Boko kuwa zango ɗaya ya yi, hedimasta ya kira ni ya ba ni haƙuri. Yana shekara tara farfaɗiya ta shigo. Likita ya ce mana ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni tun wajen haihuwa, jikinsa zai girma, amma tunaninsa ba zai wuce na yaro ɗan shekara shida ko bakwai ba. Haka kuwa aka yi. Yau ya fi ni tsawo, ya fi ni kauri, yana da gemu, amma idan ka ba shi kuɗi ya sayo gishiri, duk abin da mai kanti ya miƙo masa shi zai kawo.

Da aka mayar da ni Dutse muka zauna a Limawa, a nan mahaifiyarsa ta ɗaura ɗamarar koya masa zama cikin mutane. Shekara biyu ta yi tana koya masa alwala. Ta koya masa tsarki, ta koya masa wanka, tana tsaye a bakin banɗaki tana faɗa masa inda zai cuɗa. Ta koya masa ya durƙusa ya gaida manya, ya amsa da "lafiya lau", kada ya miƙa hannun hagu. Takan ce, "Ba zan iya ba shi hankali ba, wannan na Allah ne. Amma ba wanda zai ga ɗana ya toshe hanci." Kuma ta cika. Baƙo zai iya zama da shi minti biyar bai gane komai ba. Shi kansa ya tashi da son tsafta ƙwarai. Idan gari ya waye bai ji ƙarar bokiti ba, sai ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana jira.

Muna da wasu yaran biyu. Ƙaninsa yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Ƙanwarsa tana aure a Taura, mijinta manomi ne, 'ya'yansu biyar.

Ina cikin aiki ban san nauyin maganin farfaɗiya ba sosai. Da na yi ritaya na koma kan fansho, kaya kuma suka yi ta tashi, sai na san shi. Ƙwaya ce da safe da yamma, kullum, ba fashi. Duk lokacin da na je kemis sai in tarar kuɗinta ya ƙaru. Na sayar da babur ɗina, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya. Wani wata da abin ya ƙure, ni da kaina na yanke shawarar a riƙa raba ƙwayar biyu, rabi da safe rabi da yamma, har fansho ya shigo. Na san dabbobi, na san magani ba a yi masa haka, amma na yi. Kwana tara da farawa, ciwon ya kayar da shi a madafi, hannunsa ya faɗa kan murhu. Tabon yana nan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

A wajen wankin ƙunar ne wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko an sa sunansa a tallafin masu buƙata ta musamman. Na ce ai na ɗauka na makafi ne da guragu. Ta ce a'a, irinsa ma suna ciki, in nemi takardar likita in je in cike fom.

Na yi wata huɗu ina bin abin. Sai an buɗe masa asusu a banki da sunansa, asusun kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, ita kuma sai an ɗauki zanen yatsunsa. Na'urar ɗaukar yatsa tana da wani koren haske, shi kuwa tun da ya ƙone yake tsoron duk abin da ke haske. Ya ɓoye hannunsa a hammata ya ƙi fitarwa. Sau uku muna zuwa muna komowa. A na huɗu na ɗora nawa yatsan a kai ya gani, na ce, "Ka ga, Babana, sanyi ne da shi." Sannan ya yarda, ya kawar da kai.

Ranar tantancewa mahaifiyarsa ta tashe shi da wuri. Ta sa shi ya yi wanka sau biyu, ta fito masa da farar shaddarsa ta Juma'a, ta kafa masa hula, ta shafa masa turare. Ta ce wajen hukuma za shi, dole a gan shi da mutunci. Muka hau adaidaita sahu muka tafi.

Wurin cike yake. Makafi da 'yan jagorarsu, masu kekunan guragu, kutare, kurame suna ta magana da hannu, duk ana zaune ƙarƙashin rumfa da gindin bishiyoyin maina. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Jami'in da ke teburin matashi ne, ga alama ya gaji. Babana ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina wuni, ranka ya daɗe."

Jami'in ya dube ni ya ce, "Baba, ina mai lalurar?"

Na ce, "Ga shi nan."

Ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi. Ya ce masa, "Yaya sunanka?" Ya faɗa. "A ina kake?" Ya ce, "Limawa." Waɗannan biyun mahaifiyarsa ta haddatar da shi don gudun ɓata.

Jami'in ya ajiye biro. Ya ce, "Haba Baba. Dubi mutanen da ke bayanka. Wannan ƙaton, da hannu da ƙafa da ido, ai ko dako ya yi zai ci abinci."

Na miƙa masa takardar likita na ce ya duba. Bai buɗe ba. Ya ce irin waɗannan takardun kowa na iya samowa, kuma gurbin kaɗan ne. Na ce ya tambaye shi biyu da uku nawa ne. Ya ce, "Na gaba." Babana ya sake durƙusawa ya ce, "Na gode," don haka aka koya masa.

Muna fita wani dattijo a keken guragu ya yafito ni. Ya ga duk abin da ya faru. Ya ce, "Malam, ku kuka yi wa kanku. Wa ya ce ku sa masa shadda? Nan wurin ido ne ke aiki. Idan an sake buɗewa, ku kawo shi yadda za a gan shi a tausaya."

Da na faɗa wa mahaifiyarsa, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wato in mayar da shi mahaukacin kasuwa."

Na ce, "Na yini ɗaya ne."

Ta ce, "Malam, shekara talatin na yi ina hana wannan yinin zuwa."

Na bar maganar. Amma damina ta wuce, kemis ya sake ƙara kuɗi, fansho ya yi jinkiri har sau biyu. Wata rana na same ta tana juya kwalbar maganin a tafin hannunta, saura ƙwaya shida. A makon ne aka yi sanarwa a rediyo cewa za a sake tantancewa ranar Talata. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Da safiyar Asabar dai ban ji ƙarar bokiti ba.

Ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta kamar kullum. Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Umma, wanka." Ba ta fito ba. Ni na fito na ce masa, "Babana, babu sabulu yau." Na riga na ɓoye shi a cikin buhun gero. Bai taɓa tunanin zan faɗa masa abin da ba haka ba, sai ya ce "To," ya koma ya zauna a tabarmarsa.

Ranar Lahadi ya ɗauko bokitin da kansa ya kai bakin randa. Na karɓe na ce ruwan na sha ne. Ya dube ni, ya dubi randar da ke cike, ya sake dubana. Lokacin zafi ne, gumi ya fara tsami a jikinsa. Ya riƙa sunsuna hammatarsa yana yamutsa fuska. Na hana shi canja riga. Mai askin da ke zuwa gyara masa gemu duk mako, na tare shi a zaure na ce ya bari sai wani satin.

Ranar Litinin ya daina tambaya. Ya ƙi fita ƙofar gida inda yake zama yana gaida masu wucewa. Ya shige lungun da muke ajiye itace ya zauna, ya haɗa kai da gwiwa. Da na kai masa tuwo ya ce, "Baba, na yi laifi?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba zan ƙara ba." Na ajiye kwanon na fita waje, na zagaya bayan gida na tsaya ina kallon duwatsu har aka kira la'asar.

Mahaifiyarsa a cikin kwanakin nan ba ta ci abin kirki ba. Ranar Talata ta ɗauko wata tsohuwar rigata ta zuwa gona, wadda ta yage a kafaɗa, ta ajiye a kan turmi ta koma ɗaki ta rufo ƙofa. Ni na sa masa. Na ba shi silifas wari da wari. A hanya na ce masa, "Idan mun je kada ka gaida kowa. Ka yi shiru kawai." Ya ce, "Umma ta ce a gaida manya." Na ce, "Yau ban da yau." Mai adaidaita ya riƙa waiwayowa, wata mata da muka tarar a ciki ta ja mayafinta ta rufe hanci.

A wannan karon mace ce a teburin, mai kimanin shekara hamsin, da tabarau. Muna isa gabanta Babana ya zube ya ce, "Ina wuni, ranki ya daɗe." Bai iya bari ba. Ta amsa masa da kyau. Ta karɓi takardar likita ta buɗe, ta karanta har ƙasa, ta juya bayanta. Ta tambaye ni sunan maganin da yake sha da yadda ya ƙone. Ta nuna masa yatsu uku ta ce nawa ne, ya ce biyar. Ta yi rubutu, ta buga hatimi, ta ce sunansa ya shiga.

Har na miƙe, sai ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah wata magana. Takardar nan ta isa, ba na buƙatar komai bayanta. Amma a riƙa kula da tsaftarsa. Don mutum yana da lalura ba a barinsa haka. Mahaifiyarsa tana raye kuwa?"

Na ce tana raye.

Ta ce, "To a faɗa mata. Amana ce Allah ya ba ku."

Na ce, "In sha Allahu."

Muna shiga gida muka tarar ruwan zafi na kan wuta, ga sabon sabulu da soso. Mahaifiyarsa ta shiga da shi banɗaki da kanta, abin da ta daina tun yana sha biyar, ta cuɗe shi tana kuka ba sauti, shi kuma yana ta cewa, "Umma, na gode." Da ta fito ta tambaye ni, "An karɓa?" Na ce an karɓa. "Me suka ce?" Na ce ba su ce komai ba. Har yau ban faɗa mata maganar matar nan ba.

Kuɗin ya fara shigowa bayan wata uku. Ba shi da yawa, idan ya zo yakan ɗauke maganin wata ɗaya ya rage ɗan canji. Wani watan ya zo, wani watan shiru, sai in yi ta duba waya kamar mai jiran haihuwa. Katin cirar kuɗin yana wajena, lambar sirrin a kaina. Mun yi saɓani da mahaifiyarsa a kan canjin da ke raguwa. Ni ina so a tara don watan da ba a biya ba, ita ta ce kuɗin da sunansa ya zo, kuma ya biya shi da tsada, don haka duk ranar da aka ciro sai an saya masa abin da ransa ke so. Abin da yake so bai wuce tsire da batirin rediyo ba. Na bi nata.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida tana shanya. Ta tashi, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta zama sai ka saurara da kyau. Magani ya zama na mutum biyu. Ni da na yi rayuwata ban taɓa dafa ko shayi ba, na koyi dama kunu ina da shekara sittin da takwas. Wata maƙwabciya tana taimaka mana da tuwon dare, muna ba ta hatsi.

Sai a lokacin na tsaya na fuskanci tambayar da muka yi shekaru muna kewaye ta. Da ƙaramar Sallah yaran suka zo, na zaunar da su a ɗakin mahaifiyarsu na ce, "Idan muka mutu, wa zai riƙe yayanku?"

Ƙanin ya sunkuyar da kai. Ya ce ɗaki ɗaya da falo yake haya, matarsa na da ciki, kuma unguwarsu bakin titi ce. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Ƙanwar ta ce, "Baba, ni zan riƙe Yaya. Amma sai na tambayi maigidana."

Ina da gona ɗaya ta gado a wajen Taura. Na je wajen wani malami a unguwarmu na tambaye shi ko zan iya barin wasiyya a ba Babana ita. Ya ce babu wasiyya ga magaji. Abin da zan iya shi ne in ba shi kyauta tun ina raye, da yardar 'yan'uwansa, a gaban shaidu, a kuma naɗa wanda zai kula masa da ita tunda shi ba zai iya ba. Haka muka yi. Surukina ya karɓi noman gonar, a kan amfanin ya tafi ga cin Babana da maganinsa, Babana kuma ya koma gidan surukin nawa idan ta Allah ta kasance mana. Mutumin kirki ne, amma na ga yadda ya yi jim kafin ya amsa.

Ƙanwar ce ta kawo shawarar a gwada tun yanzu, ya je ya yi mako ɗaya don ya saba. Na kai shi da kaina, da rediyonsa da maganinsa a ƙulle cikin leda, na rubuta lokutan sha a takarda. Da zan tafi ya biyo ni har bakin mota. Na ce masa zan je in dawo.

A rana ta huɗu da hantsi ƙanwar ta kira ni tana kuka. Ta shiga wanka, ta fito ba ta gan shi ba. Surukina da maƙwabta suka bazu a kan babura. Ni ina Dutse, ba ni da wanda zan bar wa mahaifiyarsa, sai na zauna kusa da ita da waya a hannu. Ta gane akwai abin da ya faru. Ta riƙa jan rigata da hannunta mai lafiya tana cewa, "Mutumin? Mutumin?" Na ce yana nan lafiya.

Sai bayan la'asar aka same shi a gefen titi, ya kusa kwanar Gujungu. Wasu masu lodin albasa ne suka gan shi kwance, ciwon ya kayar da shi, leɓensa ya fashe, takalmi ɗaya ya ɓace. Da ya farfaɗo suka tambaye shi inda za shi, ya ce gida, Umma ba ta sha magani ba. Ashe ya saba shi ne mai miƙa mata kofin ruwa idan na ba ta ƙwaya, ni ban ma lura ya ɗauki abin a matsayin aikinsa ba. Surukina ya kawo shi a motar haya kafin magariba. Ƙafafunsa duk sun yi bororo. Bai yi mini magana ba kwana biyu.

Yanzu duk wata nakan kai shi Taura mu yini mu dawo tare, idan maƙwabciyarmu ta sami sukunin zama da mahaifiyarsa. Ya fara sabawa da yaran, yana son akuyoyin gidan. Kwana dai har yanzu ya ƙi. Da ya ga rana ta karkata sai ya ɗauki rediyonsa ya tsaya a zaure.

Idona na hagu ya yi yana, na daman ma ya soma. Likita ya ce aikin ba wuya, amma bayan an yi sai na yi mako biyu ban sunkuya ba, ban ɗaga abu mai nauyi ba, ban shiga hayaƙi ba. Sau biyu ana ba ni rana ina ɗagawa. Ƙanwar ta ce in bari su gama girbi, za ta zo ta zauna da mu. Kafin nan, na sa mai kemis ya manna jan tef a kwalbar maganin Babana, baƙi a ta mahaifiyarsa, don rubutun jikinsu ya daina karantuwa a gare ni.